Maɓallin da Mai Gogewa Ya Cire

A ofis ba wanda ke kiransa da sunansa, sai dai Mai Gogewa. Injiniyan manhaja ne da ya yi furfura a gaban kwamfuta, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Sabon ma'aikaci zai kawo layi ɗari uku na rubutun manhaja yana washe baki, shi kuwa ya gyara zama ya mayar da su arba'in, manhajar ma ta fi gudu.

"Duk layin da ka bari, kai za ka yi ta jinyarsa har ka tsufa," haka yake ce musu. "Abin da ba a taɓawa, a cire shi."

Ba ya cire abu da ka, sai ya duba alƙaluma. Da suka zo sabunta manhajar rajistar marasa lafiya ta wani asibiti, ya ga maɓallin ƙara girman rubutu mutum biyu kacal ke danna shi cikin ma'aikata ɗari huɗu. Kafin shayinsa ya huce ya share shi.

Wata abokiyar aikinsa ta leƙo. "Ranka ya daɗe, ko mu tambayi mutum biyun nan?"

"Biyu cikin ɗari huɗu? Ƙyale su, za su saba."

Yayarsa, wadda ta goya shi tun yana tsumma, a teburin karɓar marasa lafiya na asibitin take aiki. Da ya kai mata ziyara ranar hutu, ta zo zuba masa ruwa, rabi a kofi rabi a kan tebur.

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Auta. Yanar ido ce ta fito min, na ɓoye kafin a yi min aiki. Da can ina ƙara girman rubutu in yi abina, ba wanda ya sani. Sai wani mara imani ya cire min maɓallin. Na haɗa sunan wani da katin wani, shugaban sashe ya ce in na ƙara, in tafi gida in huta." Ta goge teburin da gefen mayafi. "Kai da kake harkar kwamfuta, in ka san shi, ka ce ina gaishe shi da mugunta."

Ya kalli kofin, ya kalli takalminsa.

"Yaya, ni ne."

Ta matso da fuskarta dab da tasa, kamar yadda take yi wa allon kwamfuta.

"Kai? Da wannan ƙaton kan da na sha wankewa?"



Da aka koma aiki, bai nufi ofis ba. Ya ja kujerar roba ya zauna bayanta a asibitin. Ya ga hancinta na neman taɓa allo, layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa, wani tsoho na buga sanda a ƙasa, ita kuwa tana murmushi tana cewa, "Yi haƙuri, Baba, na'urar ce ke nawa." Gumi ya jiƙa masa riga, alhali fanka na juyawa.

Mayar da maɓallin layi tara ne. Da kansa ya rubuta, ya kai wa abokiyar aikinsa ta duba. Ta karanta, ta danna amincewa, ba ta ce uffan ba. Da ta yi masa gori ma, da ya fi masa sauƙi.

Yaya ta tsira da kujerarta har aka yi mata aikin ido. Har yau in ya shiga gidanta sai ta ce wa 'ya'yanta, "Ku ɓoye cokula, ga kawunku mai cire abin da ba a taɓawa."

Bai daina gogewa ba. Sai dai yanzu duk wanda ya kawo masa alƙaluma ya ce mutum kaza ne kawai, tambayarsa ɗaya: "Su wane ne? Ka je ka gan su?"

Mutum na biyun da ke danna maɓallin kuwa, ya neme shi bai same shi ba. An ce masa ya bar aiki.