Hasiya da Saiwar Waken Suya

Hasiya jikar masunta ce. Kakanninta na cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garinsu, aka ba su matsuguni a gefen Bebeji, shi ya sa mahaifinta Malam Sale ya tashi da koma a hannu maimakon fartanya. Ita kuwa boko ta yi. Ta karanci aikin ɗakin gwaje-gwaje a Kano, ta dawo aka ɗauke ta a wata sakandaren 'yan mata, inda ɗakin gwajin bai wuce kwalabe da madubin ƙara girman abu guda ɗaya ba.

Aron madubin nan ne ya kawo mata Sharif. Malamin gona ne ɗan Kafin Maiyaki, mai surutu, mai son gwada duk abin da ya ji labari. Tun yana zuwa don madubi har ya koma zuwa babu dalili. Kafin shekara ta zagayo aka ɗaura musu aure.

Sharif yana cikin wani zaure na intanet da ya haɗa masu binciken iri da ƙasar noma daga ƙasashe irin namu: Ghana, Malawi, Kenya, Indiya, har da Brazil. Wanda ya gwada abu ya yi kyau sai ya bayyana yadda ya yi. Wanda nasa ya lalace shi ma ya faɗa, don kada wani ya sake faɗawa ramin. A nan ya san Malama Azara, wata mai bincike a Tamale ta Ghana da ke jin Hausa irin ta zango. Ita ta koya masa batun wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a saiwar waken suya, suna jawo masa abinci daga iska, har manomi ya rage sayen takin zamani. Ta haɗa shi da inda zai samo baƙin garin da ƙwayoyin ke ciki, ta nuna masa a bidiyo yadda ake jiƙa ƙaro a cuɗa irin da shi da garin a inuwa.

Shi ke magana a zauren, Hasiya ke aikin hannu. Suka raba gonar mahaifiyarsa Inna Dije gida biyu, gabas aka shuka irin da aka cuɗa, yamma aka shuka shi haka nan.

Shukar ba ta kai ga tsirowa ba Sharif ya rasu. Yana dawowa daga Yako a kan babur, ruwa ya sauko, wata motar itace ta ƙwace wa direbanta. A makaranta aka iske Hasiya da labarin, tana wanke kwalabe. Ta ji abin da aka faɗa sarai. Ta ƙarasa wanke ta hannunta, ta kife ta, ta rufe famfo, sannan ta nemi mayafinta.

A gidan Inna Dije ta yi takaba. Mata suna shigowa gaisuwa suna kuka, ita tana amsawa, tana miƙa musu ruwa. Aka yi ta yabon haƙurinta. Ita ta san ba haƙuri ba ne. Jikinta ne gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an tsikara ba ta ji. Tana cin abinci idan an kawo, tana salla a kan lokaci, sauran yinin kuma ta zuba wa bango ido.

Bayan sadakar bakwai ƙanin Sharif ya kawo mata wayarsa, gilashin ya tsage ta gefe. Ta sa ta a caji don ba ta san me kuma za ta yi da ita ba. Zauren bai san an yi mutuwa ba. Saƙonni suka ci gaba da shigowa: wani a Malawi yana tambayar maganin tsutsar masara, wata a Indiya ta saka hotunan rogon da suka raina a kwalba. Jefi-jefi sai a ambaci Sharif, ana tambayar labarin gonarsa. Hasiya takan karanta duka, ta kife wayar.

Wata ranar Laraba da hantsi wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka.

"Salamu alaikum. Malam Sharif, ka ɓuya," in ji muryar mace. "Azara ce."

"Wa alaikumus salam. Iyalinsa ce. Malam ya rasu."

Hasiya ta ji matar tana salati.

"Yaushe, 'yar'uwa?"

"Tun farkon damina."

"Allah ya ji ƙansa. Ke ce Hasiya ko? Kullum sai ya ce matarsa ce mai hannun, shi baki ne kawai."

"Amin. Ni ce."

"Ki yafe mini. Da na sani ba zan kira kan maganar gona ba."

"Ba komai. Me za ki tambaya?"

Azara ta ce idan waken ya fara fure, lokacin duba saiwa ya yi. In an bari ya wuce, sai wata shekarar. Amma ta ce kada Hasiya ta takura kanta. Hasiya ta ce to.

Inna Dije na bakin ƙofa tana tsince wake, ta ji komai. Tsohuwar ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, don shi ne na fari, kuma mutuwa ba ta sa ta fara ba.

"Aikin yaron nan ne?" ta tambaya.

"Shi ne, Inna."

Washegari da safe Inna Dije ta ɗauki fartanya da kwano ta fita. Ta dawo da dami biyu na shukar, an haƙo su da ƙasarsu, na gabas ta ɗaure shi da tsumma don kada su cakuɗe. Ta ajiye a gaban Hasiya.

Hasiya ta wanke saiwoyin a bokiti. Na yamma sumul suke, sai ɗan gudaji nan da can. Na gabas kuwa gudaji ne jere a jikinsu kamar ƙwayar dawa. Ta sa reza ta tsaga ɗaya. Cikinsa ja ne, alamar ƙwayoyin suna raye suna aiki. Abin da Sharif ya yi ta ɗokin gani ke nan. Ta kalli jan, ta jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Babu abin da ya motsa. Ta ɗauki hoto, ta tura zauren, ta rubuta a ƙasa cewa mai wayar ya rasu, matarsa ce ta turo.

Kafin azahar saƙonni sun cika wayar, ta'aziyya da barka a haɗe, daga mutanen da ba su taɓa ganin Kafin Maiyaki ko a taswira ba. Ta karanta wa Inna Dije kaɗan tana fassarawa. Tsohuwar ta ja gefen zani ta rufe fuska. Hasiya ta tashi ta zubar da ruwan bokitin.

Da ta fita takaba ta koma makaranta, ta kuma shiga zauren da sunanta. Yanzu ita ke ɗaukar abin da aka tattauna da Turanci ta mayar da shi Hausa a saƙon murya, ƙungiyoyin mata manoma na Tudun Wada da Doguwa suna turawa junansu. Ba kullum ake dacewa ba. Damina ta biyu baƙin garin ya sha zafi a bayan mota, ƙwayoyin suka mutu, gonakin da aka gwada ba su nuna bambanci ba. Ta rubuta wa zauren haka, da irin muryar da ta ba da labarin nasara. Manema sun fito, mahaifinta ya yi mata magana, ta ce ta ji. Bai sake tayarwa ba.

Bara ta je Riruwai nuna wa wasu mata yadda ake cuɗa iri. Suna zaune a gindin mangwaro, ƙwarya a tsakiya, sai wata dattijuwa mai suna Turai ta dube ta da kyau.

"'Yar nan, maigidanki ya yi ƙoƙari da yake barinki wannan doguwar tafiya."

"Ya rasu, Baba."

"Ayya. Allah ya gafarta masa."

"Amin," in ji Hasiya. "Ku matso da ƙwaryar cikin inuwa, garin ba ya son rana. Miƙo mini ƙaron."