Abokan Mai Jirgi

Ni dai ban daɗe a lakwal, makarantar boko, ba. Metir, malaminmu, ya ce kaina tulu ne mai huda, ana zubawa yana yoyo, shi ya sa na ƙare bisa keken ɗinki kusa da ƙaramar kasuwar Yamai. Taubashina kuwa, ɗan ƙanwar babana, ya sha karatu har Dakar, ya komo bayan samun mulkin kai yana koyon aikin lauya a biron wani Nasara, wato ofishinsa. A nan aboka muke ce wa lauya, da bakin Faransanci. Ni na rage masa hannun baƙar rigarsa ta shiga kotu, na ce ya yi kama da ungulu a bakin mahauta. Ya ce, "Kai dai maido min ƙyallen da ka sace."

Lokacin ba a yi gada ba. Wani saurayi mai tallar albasa, ɗan garinmu Dogon Dutsi, ya shiga jirgin wani mutum zai ƙetare kogi. An ji su suna cacar baki a gaɓa, daga nan ba a sake ganin saurayin ba. Jandarma suka kai mai jirgin kaso, ya ƙi cewa uffan. Da yake ba shi da mai tsaya masa, kotu ta ɗora aikin a kan biron nan, Nasara kuma ya miƙa wa taubashina.

Uban saurayin ya zo daga gida ya sauka wurina. Ni da bakina da ba ya jin birki na ce, "Baba, ai yaronmu ne abokan mai jirgin."

"Abokinsa? Yaushe suka san juna?"

Na yi ta bayani, kamar makaho yana kwatanta wa makaho hanya. Tsohon ya ɗaga min hannu. "Ni ba ɗauri na zo nema ba. So nake in san inda ɗana yake kwance, in sa shi cikin ƙasa. Uwarsa ta ƙi karɓar gaisuwa, ta ce sai ta ga makara. Tunda abokinsa ne, ai ya gaya masa. Kai taubashinsa ne, je ka karɓo."

Gaskiyarsa. Tsakanin taubasai babu abin da ba a ƙwacewa, kuma ba a fushi. Na sami taubashina a biro na ce, "Bawana, ubangidanka ya zo. Ina yaron mutane?"

"An rantsar da ni. Abin da mutum ya gaya min tsakanina da shi, ko alƙali ba ya ji."

"To ya gaya maka ke nan."

"Ko ya gaya min, ko bai gaya min ba, ba za ka ji a bakina ba."

"Kada ka ce komai, ungulu. Mu tafi shan iska bakin ruwa. Inda ka tsaya ka yi tari, shi ke nan."

"Tarin ma magana ce."

Na jira ya rama zagin, bai rama ba. Tun muna yara ban taɓa jifarsa da baƙar magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Na ji daga baya ya yi ta zarya kaso wurin mutumin. Da na ce, "Ya hana ka, ko?" sai ya ce, "Ban ce akwai abin hanawa ba."

Ranar shari'a babu gawa, babu wanda ya ga abin da ya faru a tsakiyar ruwa. Taubashina ya yi Faransancinsa, aka sallami mai jirgin. A bakin ƙofa tsohon ya kama masa riga.

"Ɗana, na bar wa Allah hakkina. Ka ce min kawai: ta saman kogi zan nema, ko ta ƙasa?"

Taubashina ya durƙusa cikin ƙura da rigar tasa, ya ce, "Baba, ka gafarce ni."

"Allah ya bar ka da abokinka," in ji tsohon.

Ni na ɗaukar masa ƙunshinsa zuwa tasha. A gida aka yi sallar gawa babu gawa. Mata suka daina ɗibar wuta a gidan gwaggona, uwar taubashina, shi ma sai ya rage zuwa gari.

Na sha juya abin a wannan kan nawa mai yoyo. Da ya yi tarin nan, gobe talakan da aka kama bisa ƙarya wa zai amince wa ya buɗe cikinsa? Na yarda da wannan. Amma ni na ga yadda tsohon yake leƙen kogi ta tagar mota.

Bayan mun yi furfura na sake taɓa taubashina da maganar. Na ce mai jirgin ya mutu, tsohon ya mutu, saura ni da kai, kuma ni ko na ji mantawa zan yi. Ya ce rantsuwar ba ta bin mamaci kabari, tana nan a wuyan mai rai.