Gyaran da kawuna ya yi wa lasifikan mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Tawa, na ɗora wa kaina wani aiki da ba wanda ya sa ni. Mahaifina ya daɗe yana ci-rani a Abijan, kuma da yake bai iya rubutu ba, kaset yake cikawa da magana ya ba masu dawowa gida su kawo wa mahaifiyata. Da ya rasu ya bar mana kaset ɗin nan da wasu manyan lasifika biyu na katako da ya taho da su a tafiyarsa ta ƙarshe. Rediyon da muke saurare da ita ta daɗe da mutuwa. Mahaifiyata ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma na sha ganinta tana goge kaset ɗin da bakin zanenta. Na ƙudurta sai ta sake jin muryar mijinta, kuma ta cikin lasifikan da ya saya da guminsa.

Abokina mai gyaran rediyo ya zo ya kwance bayansu, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Waɗanga ba a haɗa su da kowane tarkace. Om takwas ne, kuma takardar faifansu taushi gare ta. Wat goma sha biyar ta ishe su. Nemi ampili mai lamp." Wato akwatin ƙara ƙarfin sauti irin na da, mai kwalaben gilashi da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. Ya ce shi ke fitar da muryar mutum da ɗuminta, amma sai na haɗa masa da firampili, ƙaramin akwatin da ke daidaita sautin kaset kafin ya shiga babban.

Wata bakwai ina wannan nema. Ni da ko tocila ban iya gyarawa ba, na koma ina yi wa malaman makarantarmu lacca a kan om da wat, ma'aunan lantarki, har suka fara sauya hanya idan sun hango ni. Sau biyu ana turo min hoton ampili daga Yamai abokina yana girgiza kai. Ɗaya bai dace da om takwas ba, ɗaya kuma ƙarfinsa zai yaga takardar. A na uku ya yarda, na hau mota na tafi ɗauko shi da kaina, tare da firampili da na'urar kunna kaset.

Na dawo rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri, na tarar kusurwar ɗakin wayam.

"Inna, ina lasifikan?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kawunka na Barmu ya zo, bukin ɗanshi za a yi. Yayana ne, in ce mishi mi?"

Bayan mako guda sai ga kawu da su a saman motar kasuwa, da zabi biyu na godiya a hannu. Ban gane su ba. An shafe katakon da shuɗin fenti, kuma a gaban kowanne akwai sabon faifai mai ƙyalli da 'yan fitilu kewaye da shi. Kawu ya gyara zama a tabarma ya ce, "Ɗana, ka yi sa'a. Mai kiɗi ya haɗa su da injinai, tun waƙa ta biyu guda ta hwashe. Ni kau ba ni maido kayan aro da aibi. Na sa an hidda tsohin duka biyu an sa sabbi, don su yi daidai."

Maƙwabta suka shigo suna yaba masa, wai irinsa sun yi ƙaranci. Ni kuwa, da aka lalata wa abu, ni ne na durƙusa na ce, "Na gode, Kawu, Allah shi saka da alheri." Wallahi har yau idan na tuna wannan godiyar sai na ji haushin kaina. Da sace su aka yi, da aƙalla na samu damar yin faɗa.

Abokina ya auna sabbin ya ce om huɗu ne, na tallan magani a tasha. Na ƙi yarda, na jira Inna ta tafi barka, na haɗa. Muryar mahaifina ta fito a tsage, tana ƙara kamar ana magana cikin gwangwani, fitilun banzan nan suna ta walƙiya. Na kashe kafin ya gama sallama.

Ranar Asabar na dira Barmu. Da na tambayi inda tsofaffin suke, kawu ya ɓata rai ya ce, "Kana nuhin gyaran nawa bai yi ba?" Na rantse ba haka ba ne, ƙarya ta biyu ke nan da ya sa ni yi. Matarsa ce ta ja ni gefe. Wanda ya fashe an ba mai gwangwan, mai sayen tarkacen ƙarfe. Mai lafiyar kuwa, ga shi can a ɗaki an kife shi a bakin tukunyar irin wake, wai ya fi kowane murfi hana ɓera. Na ɗaga shi na duba. Ko ƙwarzane babu a takardar.

Abokina ya mayar da shi akwatinsa, ya ce murya ɗaya lasifika ɗaya ta ishe ta. Ya ɗaura wani ɗan abu a ɗaya gefen ampilin, don irinsa idan aka kunna shi gefe ɗaya babu kaya ƙonewa yake yi. Bayan la'asar na shimfiɗa wa Inna tabarma, muka jira kwalaben suka yi ja, na danna. Sai ga mahaifina, har da 'yar gyaran muryar da yake yi: "Salamu alaikum. Ina gajiya, ina yara?"

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Lahiya lau muke." Na fita tsakar gida don kada ta ga fuskata.

Abin da ya koya min ba wani mai zurfi ba ne. A gidajenmu abin da ido ya gani na kowa ne, kuma wanda ya ɓata maka shi da kyakkyawar niyya ba ka da bakin magana. Har yanzu kawu na ba mutane labarin yadda ya gyara min kaya amma na raina, wai halin 'yan boko. Ban taɓa musa masa ba, amma haushin bai tafi ba.

Shekara na zagayowa aka yi wa ɗan nasa haihuwa. Kawu ya zo, ya zauna a tabarmar nan, ya nuna ampilin da baki ya ce za a yi suna. Ina cikin haɗa ƙaryar da zan yi, sai na ji Inna, wadda tunda nake ban taɓa jin ta ce wa yayanta a'a ba, ta ce, "Yaya, ɗauki tabarmi da tukwane, ɗauki duk abin da kake so. Wanga kam ba na aro ba ne."