Mabuɗin da ke Aljihuna

A shekarun 1980 ni ke riƙe da ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwandu. Mutum ɗaya ke kawo mana magani daga Kalgo a kan babur. Tsohuwar ungozomarmu ta sha ce mini, "Malam, ka nemi na biyu." Na daka mata tsawa, na ce ta tsaya ga aikinta.

Da damina ruwa ya cinye hanya, babur ya daina zuwa. Ran nan wani makiyayi ya kawo matarsa, maciji ya sare ta, kabad ɗin magani kuwa wayam. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce, "Baffa, mabuɗin yana hannun babbanmu." Ya zauna bakin ƙofa har la'asar, yana jiran mabuɗin da ke aljihuna.