Shekara Uku Ban Hau Babur Ba

Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyata, Saratu, kuma shekara uku ke nan ban hau babur ba. Mutumin birni zai ce to mene ne a ciki? Amma a ƙauyenmu, can bayan Toranke, daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta babu abin da ke shiga sai babur da keke da amalanke. Wanda ba ya hawan babur, ƙafarsa ce motarsa.

Mu Kirista ne, gidaje kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kuma cocinmu yana Gaya. Tun ina ƙarama, a bayan keken Baba Mama take zuwa sujada. Yana tuƙi, tana rera waƙar yabo, tana yi masa faɗa idan ya faɗa rami. Ni kuma a kan sandar gaba, har na yi girman da ba ta ɗaukata. Ba ta yarda da acaba ba sam. Takan ce, "Allah ya ba mu keke, ya ba babanku ƙafa, me za mu nema kuma?"

Haka take a komai. Da karan dawa take girki, ba ta sayen itace. Daddawarta ita ke dafawa, kukarta ita ke dakawa. Ƙanzon tuwo ba ya zuwa juji a gidanmu: rabi a jiƙa mu karya da shi, rabi na Duna ne, baƙin karenta da ta tsinto yana ɗan kwikwiyo a bakin rafi. Inna Hajara, maƙwabciyarmu, takan leƙo ta katanga ta ce, "Saratu, kama min wannan ɗan autan naki in shigo, ina da alwala." Mama ta yi dariya ta ce, "Shigo, Hajara, ya fi ki kunya." Sai ta ɗaure shi, su zauna tsinkar zogale har rana ta yi sanyi.

Ranar da abin ya faru, ranar godiyar kaka ce, lokacin da kowane gida ke kai wani abu daga amfanin gonarsa coci. Baba ya yi sammako da damin dawa a bayan keke, wato wurin zaman Mama ya cike. Ita kuwa ta yi dambu da zogale na matan zumunta, ta zuba a kula, ba ta so ya huce. Shi ya sa a karon farko ta tsayar da mai babur, wani baƙo da ya sauke fasinja. Babur ɗaya muka hau mu biyu, ni a tsakiya, ita a baya.

Mai babur ya miƙa hannu ya ce, "Kawo kular in ɗora a kan tanki, Mama."

Ta ce, "A'a, ɗana. Abincin ɗakin Ubangiji ne, ba zai je yana warin fetur ba."

Ta ɗora a ka, ta riƙe da hannu biyu. Duk macen da ke hawan babur ta san hannu ɗaya na tattare zane ne. Mama ba ta saba ba, kuma hannuwanta duka suna sama. Sabon ankon zumunta ne a jikinta, zanen yana da tsawo. Ba mu kai kwalta ba bakinsa ya shiga tayar baya. Abin da na ji kawai shi ne bayana ya yi sanyi, babu kowa a jikina. Da na waiga tana kwance, dambu ya watsu a hanya. Kafin a kai ta asibiti ta cika.

Har yau idan babur ya wuce ta bayan ɗakina, sai na ji sanyin nan a gadon bayana. Fasto ya yi mini addu'a, matan zumunta sun zo sun yi, na yi azumi. Na gaskata Yesu yana ji. Amma ƙafata ba ta ɗaguwa. Coci ma sai in na sami amalanken da zai fita bakin titi, ko in taka da ƙafa in iso ana tashi. Yawancin Lahadi a gida nake karanta Littafi Mai Tsarki, Duna yana kwance a ƙofar kicin, inda ya saba jiran ƙanzo. Ya tsufa, yanzu ko baƙo ba ya yi wa haushi.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Baba ne. Yanar ido ce ta rufe masa idon dama, na hagu ma ya fara hazo. Kekensa yana jingine a rumbu, tayoyin sun sace. Na gwada koyo, amma yashin hanyarmu ko namiji sai ya sauka ya tura, balle ni da mutum a baya. A asibiti a Gaya sun ce aikin ba mai wuya ba ne, sai dai likitan ido ba kullum yake zuwa ba, kuma dole mara lafiya ya zo da wanda zai riƙe hannunsa, ya kwana da shi. Yayana yana aikin gini a kudu. Ni kaɗai ce.

Da aka ce likita zai zo, Kawu Sale, mijin Inna Hajara, ya fito da babur ɗinsa da sassafe. Na yi wanka, na ɗaure zanena gam, na haɗa kwanon abinci. Baba ya hau. Kawu Sale ya buga kik, injin ya tashi, sai kawai na tsinci kaina a tsugune a gindin katanga, na toshe kunne.

Inna Hajara ta ce, "Haba Rahila, ƙatuwar budurwa da ke! Rufe ido ki hau, ai ba kura ba ce."

Kawu Sale ya ce, "Ke Hajara, rabu da yarinya. Ke da ko ɗan ƙadangare kika gani sai kin tara mana unguwa."

Ya kashe injin. Ya ce wa Baba, "Yohanna, riƙe da kyau, yau jaki ka samu." Haka ya tura babur da Baba a kai, cikin yashi, ni ina biye a baya da kwano, har bakin kwalta. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Muka jira adaidaita sahu, muka isa Gaya rana ta take. An riga an rufe karɓar mutane. Aka ce mu dawo wani zuwan, mu yi sammako.

Sai da muka shiga gida, na zuba masa tuwo, ya laluba kwanon da hannu, sannan ya ce, "Rahila, kada ki takura wa kanki. Abin da zan gani a duniya na gani." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me Mama za ta ce da ta ga gidanta yau. Na san za ta ji daɗi ban fara sayen daddawa ba. Za ta ce miyata ta yi gishiri. Za ta yi mamakin yadda kowa ya jingine keke, har yara ƙanana suna tsere da babur a cikin gari. Amma idan ta ga mijinta yana bin bango da hannu kafin ya gane ƙofar ɗakinsa, alhali magani yana nan Gaya, ban san da wane ido za ta kalle ni ba. Ba mace ce mai tsawa ba. Wataƙila ɗankwali kawai za ta ɗaura, ta ce in tashi mu tafi. Ita da ta ƙi babur duk rayuwarta, ta hau don kada abincin mutane ya huce.

Mutane suna cewa na gado ta: hannun girkinta, tattalinta, har yadda nake tsayawa. Ban musa ba. Amma abin da ya fi komai a wurinta shi ne, idan wani yana bukata ba ta tsayawa shawara da tsoronta. Wannan ne nake lalubawa a jikina ban same shi ba tukuna.

An ce likitan zai dawo bayan girbi. Kawu Sale ya ce zai sake turawa, mu fita tun da asuba. Amma na ga yadda Inna Hajara take gasa masa baya da ruwan zafi bayan wancan karon, ba zan yarda ba. Yanzu kullum da yamma nakan shiga zaurensu, inda yake ajiye babur ɗin, in tattare zanena in hau, injin a kashe. Da farko ko taɓa shi ba na iyawa. Yanzu ina zama har in gama addu'ar Ubangiji. Jiya ya tsaya a gefe ya ce, "'Yata, in tayar?" Na ce ya tayar. Ƙafarsa tana taɓa kik na diro.

Ya ce babu komai, gobe ma rana tana nan. Dawa kuwa ta riga ta fara ja a gona. Duk mai karanta wannan, ko wane addini yake bi, ya sa ni a addu'a in iya zama a kan babur ɗin ko an tayar.