Labbo Mai Gadin Muryar Malam

Kowace safiya, kafin ya karya kumallo, Labbo kan shiga wani ɗan ɗaki a bayan Islamiyyar unguwarsu a Talata Mafara, ya kara kunne jikin kwamfuta. Me yake saurare? Tambayar ta daɗe tana cin maƙwabta.

Ƙarar faifan ajiya yake saurare, don ya gane in wani ya samu matsala. Faifai huɗu ne a cikinta, ya haɗe su da manhaja suka zama rumbu ɗaya. In guda ya mutu, ukun za su iya sake gina abin da ke kansa. In biyu suka mutu kuwa, sai dai a yi wa juna jaje. A nan kaɗai karatun marigayi Malam Balarabe na Bakura ya rage, don kaset-kaset ɗin da aka fara naɗa shi a kai tuni suka lalace.

Ana gab da azumi faifai ɗaya ya mutu, kwamfutar ko tari ba ta yi ba, amma Labbo ya gane. Sufyanu, ɗan Malam, ya zo da jama'a a tura musu tafsiri a waya. Bayan doguwar gaisuwa, Labbo ya ce a'a.

"Baba Labbo, abu shina aiki lahiya lau, mi za ya hana?" in ji Sufyanu.

"Da ƙahwa ukku take tahiya, ɗana. In munka ɗora mata kaya wani ya ƙara mutuwa, muryar mahaihinka ta tahi ke nan."

Aka yi ta tsegumi, wai rowa ce. Wannan bai dame shi ba kamar saƙon Hajiya Taiba, matar Malam, da ke jinya a Maradun tana roƙon a kai mata karatun mijinta. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, amma bai taɓa komai ba sai da sabon faifai ya iso daga Gusau, sauran suka cika shi sannu a hankali. Sannan ya tura karatun a wayarsa, ya hau mota da kansa zuwa Maradun. Da muryar Malam ta yi sallama daga wayar, tsohuwar ta gyara mayafi, ta amsa.

Kai ne, Labbo, ka yarda a zage ka don amana ta tsira. Yau da ido ya yi rauni kake ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaje shi, ku koyi cewa a'a ranar da kowa yake ganin lafiya lau.