Injin da Na Sayar wa Malam Issaka

Kafin a kira ni ɓarawo, ni mai gyaran injin fotokofi ne a unguwar Maamobi. Shagona ɗan ƙarami ne, amma hannuna na da kyau, har daga Alajo ake kawo mini aiki.

Duk ɗan wannan sana'a ya san watan Janairu ne kakarmu. Ofisoshi kan rufe shekara su sayo sababbin injina, tsofaffin kuma a yi gwanjonsu da araha. Yaya Fuseini, maƙwabcinmu da muke cin shinkafa da wake a kwano ɗaya, shi ya koya mini bin gwanjo. Shi ne kuma ya nuna mini yadda ake mayar da mita baya, wato lambar da ke nuna yawan takardun da inji ya buga. Na ce masa ai wannan ha'inci ne.

"Chale, abokina, kowa na yi," in ji shi. "Kai kaɗai za ka shiga aljanna?"

Na yi dariya, na yi. Daga nan zuciyata ta bushe.

Wata shekara ya kawo injina huɗu kusan sababbi, babu takardar gwanjo. Na gane a hutun Kirsimeti aka kwashe su daga wani ofis, amma na karɓa. Ya ce Janairu ne, ba mai tambaya. Rasit kuwa ya ce in sa sunan shagona, wai shi rubutunsa ba kyau.

Ɗaya na sayar wa Malam Issaka, dattijon da ya koya mini karatu, don buga jarrabawar makarantarsa.

"Ɗana, na halal ne?"

"Na gwanjo ne, Malam. Lokacinsa ne."

Na mayar da mita, na kankare lambar shaidar da ke jikin injin, amma na manta irin waɗannan injinan suna ajiye hoton takardu a cikinsu. Ranar jarrabawa aka danna wani maɓalli, inji ya amayo wasiƙun ofishin da tambarinsu. Malam, bawan Allah, ya zaci masu su na buƙata. Ya hau motar haya ta trotro da kansa ya kai musu. A can suka riƙe shi suka kira 'yan sanda.

Da ankwa aka taso shi ta tsakiyar unguwa har ƙofar shagona, ɗalibansa na kallo. Bai zage ni ba, kallona kawai ya yi.

Ni ma aka tafi da ni, a ofishin 'yan sanda na ambaci Fuseini. Ya zo da farar jallabiya da carbi, ya dube ni sama da ƙasa.

"Massa, ranka ya daɗe, gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Ku duba rasit, sunan wa ke ciki?"

Wallahi wannan magana ta fi mini shekara ukun da na yi a kurkuku ciwo. Ko ruwa bai taɓa aiko mini ba. Yau yana da babban shago a unguwar Circle, a sahun gaba yake salla.

Da aka sake ni na tuba, na je na durƙusa gaban Malam. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe.

Samari, har gobe Janairu ne lokacin sayen inji, amma ku nemi takardar gwanjo, ku bar mita yadda kuka same ta. Wanda ya ce ku sa sunanku shi ya ɓoye nasa, ku guje shi ko ɗakinku ɗaya. Kullum ina gaida Malam yana amsawa da fara'a, sai dai tun ranar ankwa bai sake ce mini ɗana ba. "Mai gyara" yake kirana.